Ƙanwata ta samu ABU Zariya: mu jira hostel ko mu kama ɗaki a Samaru?

Yayan Hafsa, Gusau

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata ta samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, tsangayar harhaɗa magunguna, aji ɗaya. Ba mu da kowa a Zariya, kuma ni ke ɗauke da nauyin karatun. Wasu sun ce mu jira hostel, wasu sun ce jiran ɓata lokaci ne, gara mu kama mata ɗaki a waje tun kafin masu kyau su ƙare. Yanzu haka wani dillali ya turo mini hotunan ɗaki ta WhatsApp, ya ce in tura rabin kuɗi ya riƙe mana, wai mutum uku na nema.

Don Allah waɗanda suka san garin su taimaka. Yaya ake samun gado a cikin makaranta? In ba a samu ba, wace unguwa ta fi dacewa da yarinya? Sannan ban da kuɗin hayar, me da me zan tanada, don kada in yi lissafi rabi da rabi?

Malam Tanimu, Hayin Dogo

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun. Kafin komai, kada ka tura wa dillalin nan ko sisi. Gani ya kori ji. Hoto ba ya nuna rijiyar da ta ƙafe, ba ya nuna yoyon kwano, ba ya ma nuna ko ɗakin na hannun wanda ya turo shi. Maganar "mutum uku na nema" kuwa, duk lokacin ɗaukar sabbin ɗalibai ita ce a bakin kowane dillali.

Shawarata ga ɗalibar aji ɗaya da ba ta san kowa ba: ta nemi hostel da gaske, haya ta zama mafita ta biyu. Tsangayarta a babban harabar Samaru take, don haka ɗakunan kwanan da suka shafe ta su ne na mata da ke can, irin su Amina da Ribadu. Na faɗi haka ne domin jami'ar ba wuri ɗaya take ba. Masu karatun lauya a Kongo suke, ta wajen Tudun Wada, sai an ratsa Palladan da Kwangila da PZ kafin a kai. Asibitin koyarwa kuma yana Shika, gaba da Samaru a hanyar Funtuwa. Iyaye kan kama wa yaro ɗaki a Samaru don sun ji an ce "ABU a Samaru take", sai daga baya a gano karatunsa a Kongo ne.

Yadda abin ke tafiya: ana neman gado ne ta shafin rajista na jami'a a intanet, bayan ɗalibi ya biya kuɗin makaranta kuma biyan ya bayyana a shafinsa. Ofishin kula da harkokin ɗalibai ne ke sanar da ranar da za a buɗe neman ɗaki. In ta samu gurbi, shafin zai fitar mata da takardar biyan kuɗi, ta biya cikin wa'adin da aka rubuta, ta buga takardar shaida, ta kai wa jami'an ɗakin kwanan su tantance su nuna mata gadonta.

Wurare uku ake faɗuwa. Na farko jinkirin biyan kuɗin makaranta: wanda bai gama rajista ba shafin ba zai ba shi damar neman gado ba, kuma gadajen ba sa jiran kowa. Na biyu ranar buɗewar kanta. Dubban ɗalibai ke dannawa lokaci guda, shafin ya yi nauyi, wanda ya bari sai yamma ya tarar an kwashe. Ta shirya lambar shigarta da kalmar sirri tun daren da ya gabaci ranar, ta samu wurin da intanet ke da ƙarfi, in da hali da kwamfuta maimakon waya. In za ta je shagon kafe, ta zauna a yi a gabanta, ta canza kalmar sirrin da zarar an gama. Na uku shi ya fi ciwo: a samu gurbi a yi sakaci da biya har wa'adi ya wuce, gadon ya koma hannun wani. Ka ajiye kuɗin gadon a asusunta tun kafin ranar.

Gadajen ba su kai yawan ɗalibai ba, wannan gaskiya ne. Ko da Gidauniyar Dangote ta miƙa wa jami'ar sabbin gine-gine goma a 2019, masu ɗakuna 360 da ke ɗaukar ɗalibai 2,160, ba su share matsalar ba. Sai dai sabbin shiga da 'yan ajin ƙarshe su aka saba fifitawa, don haka bana ce damarta mafi girma. A aji biyu da uku ne yawanci ake komawa haya, lokacin ta san gari, ta san da wa za ta iya zama.

Za a zo mata da tayin sayen gado daga hannun wani ɗalibi, ko ta raɓa a ɗakin wata. Duka biyun sun saɓa dokar jami'a. Gadon yana nan da sunan wadda ta sayar, ranar da aka zo bincike mai saye ce ba ta da takarda, kuɗin ya tafi, ga kuma yiwuwar gurfana gaban kwamitin ladabtarwa.

Hostel yana da nasa wahala: cunkoso, layin banɗaki da asuba, hayaniya, ƙananan sace-sace. Amma kuɗin gadon shekara kaɗan ne in ka gwada da hayar waje, ruwa da wuta na cikin kuɗin, ba kuɗin mota, ga asibitin jami'a kusa, kuma lokacin jarrabawa za ta iya karatu a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ko a aji har dare ta koma ɗaki ba tare da ta tsallaka titin Sakkwato ba. Mai karatun harhaɗa magunguna tana da darasin safe da aikin ɗakin gwaji har yamma, wannan kusancin ba ƙaramin abu ba ne gare ta.

In ba a dace ba, ga yadda kuɗin waje yake. Abu huɗu ke ɗaga farashi: kusanci da ƙofar makaranta, banɗaki a cikin ɗaki, ruwan bohol, da katanga mai get. Cikin Samaru da Danraka, inda za a iya takawa da ƙafa, sun fi tsada a kan irin ɗakin. Hayin Dogo yana da sauƙi in an nutsa ciki. Zango da Palladan da Hanwa akwai gidaje masu kyau, amma kullum sai an hau keke ko bas. Ɗaki mai banɗaki da kicin a ciki yakan ninka kuɗin ɗakin da ake haɗa banɗaki, wani lokaci har fiye.

Ga lissafin da za ka yi, ka cire alƙalumana ka sa waɗanda aka faɗa maka. A ce haya N200,000 ce a shekara. La'adar dillali kashi 10 cikin ɗari, N20,000. Kuɗin takardar yarjejeniya, wasu kashi 5 wasu kashi 10, ka sa N20,000. Kuɗin ajiya na ɓarna, a ce N20,000. Ka kai N260,000 ba a sa ko tabarma a ɗakin ba. Yanzu a ce ka samu wani ɗakin a nesa da ragin N50,000, amma zuwa N300 dawowa N300. Kwana biyar a mako, mako 34 na karatu da jarrabawa, N102,000 ke nan. Ragin ya tafi har ka ciko N52,000 daga aljihu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ne ke yanke hukunci tsakanin ɗaki na kusa da na nesa.

Anti Rabi

Malam Tanimu ya gama magana kan hostel, ni ma shi nake goyon baya. Zan ƙara kan duba gida, domin nan ake cutar baƙi.

Ɗan'uwa, ka zo da kanka ko ka turo babba, kuma ku je gidan sau biyu: da rana tare da dillali, sannan bayan magariba ba tare da shi ba. Da rana za ku ga gini, da dare za ku ga unguwa. Layin akwai haske? Akwai majalisar samari a bakin get? Daga inda keke ke sauke mutum zuwa ƙofar gida akwai kango ko lungu mai duhu? Sannan ku sami ɗaya daga cikin 'yan hayar, mace in da hali, ku tambaye ta a keɓe. Ita za ta gaya muku abin da mai gida ba zai faɗa ba.

Tambaya ta farko ruwa. Kada ku ce "akwai ruwa?", kowa zai ce akwai. Ku ce "a watan Maris da Afrilu daga ina kuke samun ruwa?" Yawancin gidajen haya na wannan yanki da rijiya suka dogara, kuma rijiyar da ke cike a watan Satumba tana iya komawa laka kafin saukar damina. In bohol ne, ku tambaya wa ke biyan kuɗin tura ruwa tanki, kuma in ba wuta kwana uku me ake yi. Bohol ba janareto ko sola, ranar da aka ɗauke wuta sunansa babu. Mutum ɗaya yana buƙatar jarka biyu ta lita 25 a rana don wanka da girki da banɗaki, ranar wanki fiye da haka. In za a saya wurin 'yan garuwa, a ce jarka N100, wata takwas ya tasar wa N48,000. Ka sa wannan a lissafin Malam.

Ku auna tazarar rijiya da ramin masai da ƙafa. In bai kai taku ashirin ba, wato wajen mita 15, ruwan nan ba na sha ba ne, ko na wanke baki, sai an tafasa. A filayen Samaru da aka cusa ɗakuna goma sha a fuloti ɗaya, sau da yawa rijiya da sokawe suna maƙwabtaka, daga nan taifot ke fitowa.

A cikin ɗaki ku ɗaga kai ku dubi silin. Tabo mai ruwan ƙasa, zagaye kamar taswira, yoyo ne, ko da an shafe shi da sabon fenti za ku ga wurin ya kumbura. Ku dubi gindin bango: in fenti na ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, ko akwai farin gishiri-gishiri, ɗakin na tsotson ruwa da damina, katifa da littattafai za su yi funfuna a watan Agusta. Ku dubi daɓen ɗakin da na tsakar gida da na titi, wanne ya fi tudu. In titi ya fi gidan tudu, ruwan sama ciki zai shigo. Taga biyu a bango daban-daban ta fi taga ɗaya babba, saboda zafin bazara, kuma kowace ta kasance da ƙarfe da ragar sauro marar huji. Ƙofa ta ƙarfe ce ko katako, sakatar ciki tana kamawa? Ranar tarewa a canza kwaɗo ko kan makulli gaba ɗaya. Ba wanda ya san mutum nawa ke riƙe da makullin tsohon.

Kuɗin cizo: ku haska fitilar waya a tsagar bango, bayan allon soket, da gefen katako in akwai gado. Ɗigo-ɗigon baƙi kamar na biro shi ne kashinsu. In an gani, a yi feshi kafin a sa kaya, a maimaita bayan mako biyu, domin ƙwan ba ya mutuwa a feshin farko, yana ƙyanƙyashewa cikin kwana goma. Kada a sayi tsohuwar katifa wurin ɗalibai masu fita, komai arharta. Kuma don Allah kada yarinya ta zuba maganin ƙwari na gona irin su Sniper a ɗakin da za ta kwana. Guba ne, an yi asarar rayuka ta haka. Wannan gargaɗin ya shafi hostel ma.

Game da irin gida, ni na fi son yarinya ta zauna a gidan da matar aure ke ciki, ko gidan ɗalibai mata zalla mai mai gadi. Gidan da aka cakuɗa samari da 'yan mata, banɗaki ɗaya, ba get, ko kyauta ne ban ba da shawara ba. Ku tambayi ƙarfe nawa ake rufe get kuma ko za a ba ta makulli.

Injiniya Sabo

Yaya, bari in ɗauki ɓangaren wuta, don rigimar gidan haya rabinta a kanta ne.

Ka fara sanin layin da gidan yake. Kamfanin rarraba wuta ya kasa layuka rukuni-rukuni: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Haka yake a takarda. Tun watan Afrilun 2024 kuɗin yunit ɗaya a rukunin A ya haura N200, sauran rukunan suna ƙasa da haka sosai. Rukunin yana rubuce a rasit ɗin sayen kati, ka ce a nuna maka na ƙarshe. Dillali zai yi maka tallar "layin nan ba a ɗaukewa", ba zai gaya maka abin da hakan ke ci a wata ba.

Hanya uku ake biya. Mita mai kati ta ɗakin kaɗai ita ce mafi kyau. Sai mita ɗaya ta gida duka ana karo-karo. Sai bil na ƙiyasi, inda ba mita, wanda shi ne mafi muni don ba ka da hujjar musu. Ko mita mai kati ce, akwai tarko: a aikace bashi yana bin mita ne, ba mutum ba. In tsohon ɗan haya ko mai gida ya bar bashi, duk sanda aka sayi kati za a zare wani kaso. Gwajin mai sauƙi ne. Kafin ka biya haya, ka sayi katin N1,000 a lambar mitar ka duba rasit, zai nuna yunit nawa aka bayar da abin da aka cire na bashi. Ka kuma dubi mitar ko an yi mata satar hanya, wato waya ta zagaye ta. Ranar da ma'aikata suka kama, wanda ke cikin ɗakin shi za a fara riƙewa.

Ga abin da ya sa karo-karo ke haddasa faɗa. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na awa ɗaya. Fanka mai wat 70, awa goma a rana, yunit 21 a wata. Ƙwai biyu na LED masu wat 10, awa shida, bai kai yunit 4 ba. Kwamfutar cinya mai wat 60, awa biyar, yunit 9. Duka wajen yunit 34. Amma rishon lantarki mai wat 1,000, awa biyu kacal a rana, yunit 60 ne shi kaɗai, a rukunin A sama da N12,000. Ka ƙara hitar ruwa da sanyin Disamba da Janairu, ka ƙara dutsen guga. To in ɗaki takwas suna raba kuɗi daidai, mai fanka da ƙwai ita ke biya wa mai dafa wake da lantarki. Maganinsa ƙaramar mita ta ɗaki, wadda ake ɗaurawa bayan babbar, kowa ya biya abin da ya sha. Ba ta da tsada, mai gyaran wuta zai ɗaura ta cikin awa guda, amma da izinin mai gida.

Ka duba soket. Baƙi ko narkewa a bakinsa alama ce an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ko waya ta saki a ciki. Wayar soket ya kamata ta zama mai kauri 2.5, ta ƙwai 1.5, amma masu ginin haya da yawa 1.5 suke ja ko'ina don araha. Irin wannan in aka haɗa hita da dutsen guga a kan ƙaramar jona ta kasuwa, wayar ke zafi cikin silin. Gobarar ɗakunan ɗalibai yawanci haka take tashi: an ɗauke wuta hita na jone, an fita aji, aka dawo da wuta ba kowa. Ta saba da zare komai daga soket kafin ta fita.

Girki da gas ya fi. Tukunya mai kilo 6 takan kai mutum ɗaya wata guda zuwa mako shida. Irin wadda ake ɗaura kan murhu kai tsaye, robar bakinta ce ke cinyewa. Duk sanda aka sake cikawa ta shafa ruwan kumfar sabulu a mahaɗin, in ya yi ƙwai-ƙwai yana yoyo. In ta shigo ta ji wari, kada ta kunna ko kashe makunnin wuta, ta buɗe ƙofa da taga ta fitar da tukunyar waje. Gawayi a rufaffen ɗaki don jin ɗumi da hunturu, ko janareton maƙwabci a baranda kusa da tagarta, hayaƙinsu ba ya wari sosai amma yana kisa cikin barci. In ka ga inda 'yan gidan ke ajiye janareto gindin tagar ɗakin ne, ka nemi wani ɗakin.

Fitila mai caji da abin ajiye cajin waya dole ne, hostel ko haya. A watan Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi sama da mako guda a duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, jarrabawa kuma ba ta jira.

Barista Nura

Abin da ya rage takarda ne, kuma shi mutanenmu suka fi raina wa, wai ai Malam mai gidan mutumin kirki ne. Mutumin kirki yana rasuwa, magada su zo. Yana sayar da gida, sabon mai shi ya zo.

Ka tabbatar wa ke da gidan. Maƙwabta da mai unguwa sun sani. Ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, ko na wakilin da mai gidan ya nuna maka da bakinsa. La'adar dillali daban, a hannunsa, bayan an ba ku makulli. Damfarar da aka fi yi ita ce ɗalibin da hayarsa ta kusa ƙarewa ya haɗa baki da wani su nuna ɗakin a matsayin nasu, su karɓi kuɗin shekara, bayan wata biyu mai gida ya zo karɓar haya.

Rasit ya ƙunshi sunan mai gida, sunan ƙanwarka, adireshin gida da lambar ɗaki, adadin kuɗi da lambobi da kalmomi, ranar farawa da ranar ƙarewa. Ranar farawa ta zama ranar da aka miƙa makulli, ba ranar da ka biya ba. In an ce za a yi gyara, a rubuta gyaran da ranar gamawa, ko ka riƙe wani kaso har a gama. "Ku shiga za a gyara" ba a cika gyarawa ba.

Hayar waje ta wata goma sha biyu ce, ba ruwanta da kalandar jami'a. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba. A 2022 sun yi daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ɗalibai na gida, haya na tafiya, da yawa suka dawo suka tarar ta ƙare ba su kwana rabinta ba. Doka ba ta tilasta wa mai gida ya yafe ba, sai in an rubuta. Ka nemi a sa sharaɗi cewa in an rufe makaranta fiye da wata uku za a yi ragi ko a ƙara wa'adi. Wani zai ƙi, wani zai yarda da rabi, tambayar ba ta cin kuɗi. Ka kuma dubi kalandar zangon karatu: in hayar za ta ƙare ana tsakiyar jarrabawa, mai gida ya san ba inda za ta, ƙarin da ya ga dama zai yi. A rubuta cewa duk ƙarin kuɗi sai an sanar wata uku kafin ƙarewa.

Kuɗin ajiya na ɓarna ana mayarwa in ba a ɓata komai ba, amma sai da hujja. Ranar tarewa a ɗauki hoton bango, ƙofa, taga, soket, banɗaki da lambar da mita ke nunawa, a tura wa mai gidan ta WhatsApp don ranar ta zauna. Yarjejeniyar ta fayyace wa ke kwashe masai in ya cika, wa ke gyaran injin ruwa, wa ke biyan kuɗin 'yan sintiri da na shara. A al'ada gyaran gini da rufi na mai gida ne, ƙwai da famfo da abin da ɗan haya ya lalata nasa ne.

Ko haya ta ƙare, mai gida ba shi da ikon fasa ƙofa, watso kaya waje, ko cire kwano. Sai ya ba da takardar sanarwa, in an ƙi tashi ya je kotu. Ta san wannan, don 'yan mata ake fi yi wa barazana.

Yayan Hafsa, Gusau

Allah ya saka da alheri, na fasa tura kuɗin. Za mu biya kuɗin makaranta wannan makon mu nemi hostel. Tambaya ɗaya ta rage: in ba a samu ba, akwai wata 'yar garinmu da ita ma ta samu gurbi, iyayenta na so su haɗa ɗaki su raba kuɗi. Akwai matsala? Sannan Anti, gidan da matar aure ke ciki ba zai takura mata ba?

Malam Tanimu, Hayin Dogo

Haɗa ɗaki dabara ce mai kyau, da sharaɗi biyu. Mai gida ya sani tun farko cewa mutum biyu ne, don wasu suna ƙara kuɗi ko su ƙi, kuma sunan su biyun ya fito a rasit da yarjejeniya. In sunan ɗaya ne kawai, ranar da suka saɓa ɗayar baƙuwa ce a ɗakin da ta biya rabi. Ku iyaye ku yanke tun yanzu: in ɗaya ta samu hostel daga baya ko ta bar makaranta, za a mayar mata da kuɗinta ne, ko ita za ta kawo wadda za ta maye gurbinta da yardar ɗayar? Kayan da aka saya tare, tukunyar gas, labule, kafet, a rubuta wa ya biya me. Abinci kowa ya riƙe nasa a zangon farko, in sun ga jininsu ya haɗu sa haɗa tukunya da kansu.

Kan gidan iyali, a nan na ɗan bambanta da Anti Rabi. Tsaro akwai, amma wasu gidajen ana rufe ƙofa ƙarfe tara ba makulli, ga hayaniyar yara, ga aike. Ɗalibar da ke da gwajin ƙarfe takwas na safe ba za ta iya zama 'yar aiken matar gida ba. In gidan iyali ne, ya kasance ɗakin yana da ƙofarsa daban.

Anti Rabi

Malam, gaskiyarka kan ƙofa daban, amma aike ana kashe shi ne ranar farko. Wanda ya kawo ta ya gaisa da matar gidan, ya ba da amanarta, ya faɗa a gaban mai gida cewa karatu ya kawo ta kuma wasu ranakun sai bayan isha za ta dawo. A karɓi makullin get a ranar, a yanka mata nata. Ka karɓi lambar matar gidan da ta wata maƙwabciya, ita ma yarinyar ka sa mata lambar ofishin tsaro na jami'a a waya, tana cikin takardun da ake raba wa sabbin ɗalibai a makon wayar da kai.